Baba ya ce ba zai shiga injin hoton zuciya ba

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel. Mahaifinmu manomi ne, ya ɗan haura shekara 60, yana da hawan jini tun shekara 7 da suka wuce, bara kuma aka gano yana da ciwon suga. Tun daminar bana, in ya kama hanyar gona ko ya ɗaga abu mai nauyi sai ƙirjinsa ya ɗaure, ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa, har ciwon ya gangaro hannun hagu. In ya zauna a inuwa kamar minti 5 sai ya sake shi. Mun kai shi babban asibiti, aka tura mu Kano. Likitan zuciya ya auna bugun zuciyarsa, ya yi masa eko, wato sikanin na zuciya, ya rubuta magunguna, sannan ya ce a yi masa hoton CT na jijiyoyin zuciya. Baba ya ce shi fa ba zai shiga ba. Wai amininsa an sa shi a injin, sati biyu ya rasu, kuma an gaya masa wutar injin tana busar da jini. Maganin ma sai ya ga dama yake sha. Babban yayanmu da ke Abuja ya ce a kai shanun huɗa kasuwar Maigatari a sayar, a fitar da shi Masar. Inna ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Ni ce kusa da shi, ni nake ganin yana dafe ƙirji, amma ni mace ce kuma ƙarama, maganata ba ta da nauyi. Shin hoton nan yana da haɗari? Dole ne sai an yi? Yaya zan yi da su?

'Yar'uwarku daga ƙasar Gumel

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Kin ce maganarki ba ta da nauyi. To amma yadda kika kwatanta ciwon nan, lokacin da yake tasowa, inda yake gangarawa, da minti nawa yake yi kafin ya lafa, shi ne abin da likitan zuciya ya fi nema a bakin iyalan mara lafiya, kuma duk gidanku ke kaɗai kike da shi. Yaya yana jin labari ne a waya.

Bari na fara da abin da ba ki tambaya ba, don ya fi hoton gaggawa. A yanzu ciwon Baba sai ya motsa yake zuwa, in ya huta ya tafi. Ranar da ya zo masa yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya wuce minti 15 bai sake shi ba, musamman in ya haɗa da zufa mai sanyi, ko amai, ko numfashi sama-sama, ko jiri, to ranar ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a sami Yaya a waya. Asibiti mafi kusa da ke da injin auna bugun zuciya, wanda suke kira ECG, can za a nufa nan take. Masu ciwon suga kuma wani lokaci ba sa jin ciwon da ƙarfi, sai dai kasala da zufa da tashin zuciya, don haka kada ki jira sai ya yi ihu. Tun yau ki ajiye lambar mai mota a ƙauyenku, ku yi magana da shi cewa ko ƙarfe biyun dare ne zai ɗauka, ki ƙulle kuɗin mai a gefe wanda ba a taɓawa ko don cefane. In kun koma wurin likita ki tambaye shi ko a irin wannan hali Baba zai iya tauna asfirin a hanya, da kuma yadda zai yi amfani da ƙwayar da ake sa wa a ƙarƙashin harshe in an ba shi.

Yanzu ga abin da likitan yake zargi. Zuciya tsoka ce, ita ma tana cin abinci, kuma jinin da take ci yana zuwa mata ta wasu jijiyoyi da suka kwanta a jikinta ta waje, manyansu uku, kaurin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar tsinken tsire. Ki tuna tiyon ban ruwa a fadama wanda laka ta fara cika cikinsa. In fangali ɗaya za a shayar, ɗan ruwan da ke wucewa ya isa. In aka ce a cika gona duka, sai a ga ruwa ya gaza. Haka kitse yake taruwa a bangon jijiyar a hankali, shekara da shekaru, hawan jini da suga da taba suna ƙara ingiza shi. Baba yana zaune, jinin ya ishi zuciya. Ya kama hanyar gona, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ta yi kuka, kukan nan shi ne dutsen niƙan da yake ji. Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, akwai gyambon ciki da wasu cututtuka da kan yi kama da wannan, amma kwatancenki ya yi daidai da wannan ciwo sosai. ECG da eko kuwa sukan iya fitowa lafiya lau alhali jijiyar ta ƙuntata, saboda ba cikin jijiyar suke leƙawa ba. Shi ya sa likita ya nemi hoton da zai nuna ta.

Wannan hoton bai daɗe da samuwa ba, kuma labarinsa zai taimake ki wajen yi wa Baba bayani. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera injin CT, aka fara ɗaukar mara lafiya da shi a Landan a 1971. Kai kawai yake ɗauka a lokacin, kuma yanka guda na hoto yakan ci kusan minti 5. Na ce yanka domin haka injin yake aiki: yana zagaya mutum da hasken eksire, kwamfuta ta fitar da hoton jiki falle-falle kamar an yayyanka albasa, sannan ta haɗa su. Ga kai wannan ba matsala ba ce, tunda kai yana iya tsayawa cak. Zuciya kuwa ba ta tsayawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, ga jijiyoyin sirara. Kin taɓa gwada ɗaukar ɗan akuya hoto da waya yana tsalle? Abin da ya hana likitoci ganin jijiyoyin zuciya da CT kenan kusan shekara 30. Duk mai son ganinsu sai an zura masa siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har zuwa bakin zuciya.

Abin da ya canza shi ne sauri. A 1998 aka fito da injin da ke ɗaukar yanka 4 a zagaye ɗaya, a 2002 mai 16, a 2004 mai 64, kuma daga mai 64 ɗin nan ne hoton jijiyoyin zuciya ya zama abin dogaro. A 2005 kamfanin Siemens ya fito da mai fitilar eksire biyu a ciki, wanda ya rage lokacin ɗauka da rabi. A 2007 Toshiba ya kawo mai layi 320, faɗinsa santimita 16, yana rufe zuciya gaba ɗaya ya ɗauke ta a bugu guda. Injinan yanzu suna zagaya mutum sau 3 zuwa 4 a daƙiƙa ɗaya, kaurin kowane yanka wajen rabin milimita. Dabarar da ta fi burge ni ita ce, ana manna wa mutum wayoyin ECG a ƙirji, injin ya riƙa sauraron bugun zuciyar, ya harba haske daidai ɗan lokacin nan da take sararawa tsakanin bugu da bugu, sauran lokacin ya kashe. Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan sabunta. Tun 2014 aka amince a Amurka da wata manhaja da ke lissafa yadda jini ke gudu a jijiyar daga hoton kaɗai, a 2021 kuma aka amince da injin da ke ƙirga ƙwayoyin hasken ɗaya bayan ɗaya, wanda ke ganin abu mai ƙanƙantar milimita 0.2. Waɗannan na ƙarshe na faɗa miki ne don ki san inda duniya ta kai, kada ki wahalar da kanki nemansu, kada kuma wani ya yi wa Yaya talla da su.

To, batun wuta mai busar da jini. Babu wannan. Hasken eksire ne, irin na hoton ƙirji da na karaya da mutanen ƙauyenku suka saba yi, sai dai ya fi yawa. Ba ya zama a jiki, ba ya rage jini, ba ya taɓa ƙarfin namiji, in har wannan yana cikin abin da ake raɗa wa Baba a majalisa bai iya faɗa miki ba. Ana auna shi da ma'aunin milisibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. A da hoton jijiyoyin zuciya yakan kai wajen 12. Da dabarar kunnawa da kashewa da na gaya miki, a injinan zamani ya sauko zuwa 2 zuwa 5, wato abin da mutum kan samu a shekara ɗaya ko biyu yana zaune a gidansa. Ba zan ce miki babu komai ba sam, shi ya sa ba a yi wa mai ciki sai da larura, ba a kuma maimaita shi barkatai. Amma ga dattijo mai shekara sittin da ƙirjinsa ke ɗaurewa, abin da ke cikin jijiyar ya fi wannan haske zama abin tsoro nesa ba kusa ba.

Aminin Baba kuwa, Allah Ya jiƙansa. Kada ki yi wa wannan magana dariya, kada kuma ki bari wani ya ce masa jahilci ne, domin mutum ne ya ga abokinsa ya shiga wuri da ƙafarsa, bayan sati biyu aka sallace shi. Sai dai a ƙauyukanmu ba a kai mutum CT sai ciwo ya ci ƙarfinsa, an gama zagaye kemis da masu magani. Injin ya tarar da ciwon ne ya riga ya yi nisa. In aka haska fitila aka ga maciji a ɗaki, ba fitilar ta kawo shi ba. Ki tambayi Baba a hankali, wane hali amininsa yake ciki kafin a kai shi? Shi da kansa zai tuna cewa ya daɗe yana jinya.

Inda ya kamata ki sa ido da gaske shi ne ruwan allurar da ake ɗura wa mutum a jijiyar hannu don jijiyoyin su haska a hoto. Yana ɗauke da aidin, kuma ta ƙoda yake fita. Mai hawan jini da suga ƙodarsa na iya raunana bai sani ba, don haka kada a yi hoton sai an yi gwajin jini na ƙoda, wanda suke kira kiriyatinin, kuma na kwanan nan. In yana shan metfomin don suga, ki faɗa musu, su za su ce ko ya dakata na kwana biyu ko ya ci gaba. In yana da asma, ko ya taɓa kumbura ko fitar da ƙuraje bayan wata allura, shi ma a faɗa. Akwai kuma tambayar da ba bakinki ba ce, a bar wa likita ko ƙanen Baba: ko yana shan maganin ƙarfin maza. Wasu daga cikin irin waɗannan, har da na kwalba da ake tallarsu a kasuwa, in suka haɗu da maganin ƙarƙashin harshe jini yana iya faɗuwa warwas.

Na taɓa raka kawuna wannan hoto, bari na ba ki abin da idona ya gani, ki kai wa Baba. Ɗakin da sanyi kamar hunturu. Injin ba rami ba ne, ƙaton zobe ne kamar an tayar da bakin rijiya tsaye, buɗe gaba da baya, kan mutum ma a waje yake ko dab da baki. Ya kwanta rigingine, ya miƙa hannuwa sama da kai, aka manna masa wayoyi, aka fesa masa magani a ƙarƙashin harshe don jijiyoyin su buɗe. Aka ce ya ja numfashi ya riƙe, bai fi daƙiƙa 10 ba. Da ruwan allurar ya shiga sai ya ji ɗumi ya ratsa shi daga maƙogwaro har mara. Kawu ya fito ransa a ɓace, ya raɗa min cewa ya yi fitsari a wando a gaban yara mata. Bai yi ba, haka ruwan yake sa mutum ya ji, cikin minti ɗaya ya wuce. Don Allah a gaya wa Baba wannan tun a gida, kin san dattawanmu da sha'anin tsarki da kunya. Kwanciyar duka ba ta kai kwata ɗaya na awa ba. Abin da ya cinye mana yini shi ne goro. Kawu ya ɓantari goro a mota, zuciyarsa ta ƙi saukowa daga tamanin da wani abu, alhali ana so ta dawo wajen 60 zuwa 65 kafin hoto ya yi kyau. Aka ba shi maganin rage gudun zuciya, muka zauna a benci awa biyu yana harara ta kamar ni na ba shi goron.

Sai babbar tambayarki, ko dole ne. Gaskiyar da zan gaya miki ita ce hoto ba ya warkar da kowa. Amfaninsa yana ga abin da aka yi bayan an gani. A Sikotland an yi wani babban bincike mai suna SCOT-HEART a kan mutum 4,146 masu ciwon ƙirji, aka yi wa rabi hoton CT, rabi aka duba su yadda aka saba. Sakamakon shekara 5 da ya fito a 2018 ya nuna cewa a cikin kowane mutum 1,000, waɗanda suka mutu da ciwon jijiyar zuciya ko jijiyar ta toshe musu farat ɗaya 39 ne a ɓangaren da ba a yi wa hoto ba, 23 a ɓangaren da aka yi wa. Abin lura, yawan waɗanda aka yi wa aiki a ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Bambancin ya fi zuwa ne daga magani: waɗanda aka ga kitse a jijiyarsu an fi ɗora su a kan maganin rage kitse da asfirin. Gani ya kori ji. Tun 2016 ma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sa wannan hoto a sahun farko ga mai irin ciwon Baba. Wani binciken kuma na ƙasashen Turai da ya fito a 2022 ya kwatanta shi da zura bututu, aka ga manyan matsalolin da kan biyo bayan gwajin kashi 0.5 cikin ɗari ne ga waɗanda aka fara da CT, kashi 1.9 ga waɗanda aka fara da bututu.

Kin ga kenan rabin amfanin da ake nema yana cikin ledar magungunan da ke rataye a ɗakin Baba, wadda sai ya ga dama yake buɗewa. Ni a wurina wannan ya fi damuna a kan ƙin shiga inji. Ko an yi hoto ko ba a yi ba, mai irin wannan ciwo sai ya sha maganin hawan jini da na suga da na kitse kullum, ba sai ranar da ya ji ciwo ba. Abin da hoton zai ƙara shi ne amsar tambaya biyu. In jijiyoyin a buɗe suke, to wannan hoto ya ƙware wajen wanke mutum, sai a nemi ciwon a wani wuri, hankalin kowa ya kwanta. In kuma toshewar tana gindin babbar jijiyar hagu, ko ta kama dukkan ukun, to magani kaɗai ba lallai ya isa ba, sai an yi maganar sa ɗan ragar ƙarfen nan da ke buɗe jijiya ko tiyata. Tsakanin waɗannan biyun, mutane da yawa da magani kawai suke rayuwarsu shekaru.

Hoton yana da inda yake gazawa, ya kamata ki sani kafin ku kashe kuɗi. Kin san farin ɓawon nan da ke maƙalewa a cikin butar shayi in ta daɗe? Irinsa kalsiyam yake yi a jijiyar tsofaffi da masu suga, kuma in ya yi yawa yana ƙyalli a hoto har ya rufe abin da ake son gani, toshewa ta yi kamar ta fi yadda take. Shi ya sa sukan fara da ɗan gajeren hoto ba allura don auna yawansa, ma'aunin da likita Arthur Agatston ya fito da shi a 1990. Haka nan in bugun zuciya ba ya tafiya daidai, hoton kan yi dishi-dishi. Kuma ba kowane injin CT ne ke ɗaukar zuciya ba, ko da an rubuta CT da manyan baƙaƙe a allon ƙofa. Kafin ku biya ko sisi, ki kira wurin ki tambaya: injinku mai yanka nawa ne (a bakinsu silais za ki ji), ya kai 64? Kuna haɗa shi da ECG? Wa zai karanta hoton, kuma ya saba karanta na zuciya? Likitan da ya tura ku shi ya fi sanin inda yake yarda da sakamakonsu, ki nemi ya faɗa miki wurin da bakinsa. Sannan ki yi masa tambayar da ta fi kowace: Likita, in hoton ya nuna kaza me za ka canza, in bai nuna ba me za ka canza? In kuɗi ya gagara ko ƙoda ta hana, ki tambaye shi gwajin da ake sa mutum tafiya a kan inji ana auna zuciyarsa, ko eko da ake yi bayan an motsa zuciyar. Ba su kai CT nuna jijiya ba, amma sun fi zama haka nan.

Mu dawo gida. Ina zargin ba injin ne kaɗai ke hana Baba ba. Manomin da ya ji ana maganar kai shanun huɗarsa Maigatari ranar Alhamis, me kike so ya ce? In ya yarda da hoto, a ganinsa ya yarda da sayar da shanu, ya yarda baɗi ya zama mai roƙon a yi masa huɗa. Gara ya ce tsoron inji yake yi, wannan ya fi sauƙin faɗa. Don haka a cire shanun nan daga maganar gaba ɗaya, kuma a gaya masa an cire. Kuɗin hoto ba kuɗin jirgi ba ne. Kaka ta kusa ko ta zo, akwai riɗi, akwai karo-karo tsakaninku 'ya'ya, akwai kwasar adashi da za a iya roƙon a matso miki da ita. Ki leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jigawa, JICHMA, ki ji yadda ake yi wa dattijo rajista da abin da tsarin ke ɗauka. Ko bai ɗauki hoton ba, in ya rage nauyin maganin wata-wata an ci riba.

Yaya kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Wanda yake nesa yana jin nauyin rashin kasancewarsa, sai ya so ya yi babban abu da zai nuna bai yi sakaci ba. Kada ki ce masa shawararsa ba daidai ba ce. Ki ce masa, Yaya, ko Alƙahira aka je da irin wannan gwajin za su fara, me zai hana mu yi shi a nan mu san abin da muke ciki, in ya nuna sai an fita sai mu fita da hoto a hannu? Ki ƙara masa da cewa sa ragar jijiya ana yi a Abuja da Legas, ga masauki a gidansa. Sannan ki ba shi aikin da zai riƙe: kuɗin hoto, maganin kowane wata, da kuɗin 'yan ƙwadago da za su yi girbi da ɗaukar dami, domin bana bai kamata Baba ya ɗora damin gero a ka ba. In za ki iya, ki sa likitan ya yi magana da Yaya a waya ranar da kuka koma. Abin da zai ƙi ji daga bakin ƙanwarsa zai ji daga bakin likita, ke kuma ba nasara kike nema ba.

Inna tana son ta yi wani abu ne da hannunta, kuma ƙaho shi ta sani. Ki gaya mata da ladabi cewa jijiyar tana can ciki a jikin zuciya, ƙaho ba ya kaiwa, kuma mai shan asfirin jininsa ba ya saurin tsayawa, mai suga kuma miki ba ya saurin warkewa a jikinsa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe su ma a dakata, musamman dab da hoto, saboda ƙoda. Addu'a da tofi da sadaka kuwa a ƙara. Sai ki damƙa mata abin da ya fi ƙaho aiki, wato tukunya: a rage gishiri da magi da kanwa, a rage man shanu a tuwo, a daina zuba suga a shayi da koko. Ita ce kuma za ta iya miƙa masa magani da ruwa bayan sallar Asuba da bayan Isha ya karɓa ba musu, abin da ke ba za ki iya ba. In yana shan taba ko yana shaƙar ta gari, ita ta san ta inda za ta ɓullo masa.

Shi Baba, kada a yi masa taron dangi, kada kuma a yaudare shi a ce za a je gaisuwa Kano sai ya tsinci kansa a bakin inji. Babba ne mai hankalinsa, jikinsa ne, kuma hoton ma ba ya yiwuwa sai da haɗin kansa tunda shi zai riƙe numfashi. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin kunyarsa, limamin garinku ko ƙanensa ko wani sa'ansa, ki yi masa bayanin nan, shi ya kai. Malam ya san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, ya fi ki sanin yadda zai jawo shi. In akwai wani a yankinku da aka taɓa yi wa CT yana nan yana noma, a kawo shi su gaisa. Ki kuma roƙi likita ya yi wa Baba bayani da Hausa, yana kallonsa shi, ba ku 'ya'ya ba. Dattawa da yawa abin da ke ɓata musu rai a asibiti shi ne a riƙa magana a kansu kamar ba sa wurin. In bayan duk wannan ya ce a'a, ki karɓa, ki ce to Baba, ga sharaɗi ɗaya, magani kullum da komawa asibiti ranar da aka sa. Sau da yawa wanda ya ƙi yau, in aka daina matsa masa, shi da kansa zai tayar da maganar bayan sati biyu.

In Allah Ya sa ya amince, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kwana a Kano, kada ku taso da asuba ya iso a gajiye zuciya na gudu. Tun daren jajibiri babu goro, babu shayi, babu kofi, babu taba. Sukan ce a bar abinci kamar awa 4 kafin hoto, amma tunda yana da suga ki tambaye su yadda zai yi da maganinsa a safiyar, ki kuma riƙe dabino a jaka. Ki tafi da ledar magungunansa duka, da takardar ECG da ta eko da ta ƙoda. Bayan an gama ya sha ruwa sosai, in likita bai hana ba. Ku karɓi hoton a faifai tare da rubutaccen sakamako, don in an je wani asibitin kada a sa ku maimaita.

Kafin ranar kuwa, in kin kai masa tuwo da yamma, ki ce Baba mu gwada, ja numfashi ka riƙe, ni zan ƙirga goma. Zai yi miki tsiya ya ce kin mai da shi ɗan aji ɗaya, ki bar shi ya yi, ku maimaita gobe. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo, me yake yi, minti nawa ya ɗauka, ki tafi da shi wurin likita. In kun sami sakamakon ƙodar ki rubuto min. Ki gaishe min da Inna, a yi wa Baba sannu.